Yadda Ɗalibi Zai Tara Kalmomin Turanci Masu Zurfi Su Zauna Masa a Ka

Da zarar jarrabawar JAMB ko WAEC ta ƙarato, kuka ɗaya ne ke ta dawowa daga bakin ɗalibai: "Malam, ina haddace kalmomi, amma bayan kwana biyu sai in neme su in rasa." Masu neman gurbin karatu a ƙasashen waje, waɗanda jarrabawar Turanci ta IELTS ta tare wa hanya, su ma kukansu ke nan. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na jero ta mataki-mataki.

Mu fara da yarjejeniya. Ba Turancin burga muke nema ba, irin wanda ake kwararowa a taro jama'a na tafi alhali ba wanda ya fahimci komai. Kalma ba ta zama taka sai ka gane ta a rubutu, ka iya furta ta, ka san kalmomin da take tafiya da su, sannan ka saka ta a jimla malami bai ja mata jan biro ba.

Kayan aiki da kuɗinsu

Littafin rubutu mai bango mai tauri, wanda ba za ka haɗa shi da wani darasi ba. Farin kwali biyu ko uku, almakashi, robar ɗaure kuɗi, da ambulan guda biyar. Sai ƙamus, sai kuma waya idan akwai. In ka cire waya, a cikin waɗannan ƙamus ne kaɗai mai tsada, shi ma akwai hanyar samunsa kyauta. Abin da zai ci maka da gaske shi ne lokaci: minti 40 zuwa awa ɗaya a kullum.

Mataki na 1: Auna inda kake

Ɗauko jaridar Turanci, misali Daily Trust, ka buɗe shafin sharhi. Ƙirga kalmomi 100 a jere, ka ja layi a ƙarƙashin duk wadda ba ka sani ba, ban da sunayen mutane da na garuruwa. Idan biyu ne ko ƙasa da haka, wannan rubutu daidai da kai yake. Uku zuwa biyar, za ka iya da taimakon ƙamus. Idan sun haura biyar, ka sauko ka nemi mai sauƙi tukuna.

Wannan ba kirdado ba ne. Masu nazarin koyon harshe sun nuna cewa mutum yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya karanta shi ba tare da ya riƙa tsayawa ba. Farfesa Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand ya ƙiyasta a 2006 cewa isa wannan matsayi a jarida da littattafan labari yana buƙatar zuriyar kalmomi 8,000 zuwa 9,000 (zuriya ɗaya ita ce kalma tare da 'yan gidansu da suka fito daga gare ta). Kada adadin ya tsorata ka. Wanda ya gama sakandare ya riga ya ci wani kaso na tafiyar.

Hattara: kada ka yaudari kanka da "na taɓa ganin ta". In ba za ka iya faɗin ma'anarta nan take ba, ja mata layi.

Mataki na 2: Zaɓi ƙamus

Ƙamusun da aka yi wa masu koyo kake buƙata, wato Oxford Advanced Learner's Dictionary, ko Longman Dictionary of Contemporary English, ko na Cambridge. Bambancinsu da sauran shi ne suna bayani da Turanci mai sauƙi kuma suna kawo jimlolin misali. Longman, alal misali, yana fassara kalmominsa ne da jerin kalmomi kusan 2,000 na yau da kullum. Duka ukun suna da shafi a intanet da ake dubawa kyauta, har da maɓallin jin furuci. In data na yi maka wahala, sauke manhajar WordWeb, tana aiki ba tare da intanet ba, duk da cewa misalanta ba su kai na waɗancan ba.

Ƙamusun Turanci zuwa Hausa yana da amfaninsa, musamman wajen sunayen abubuwa, amma ya zama mataimaki. Da ka jingina da shi kacokan, za ka riƙa haɗa kowace kalmar Turanci da ta Hausa guda ɗaya, kuma nan ne matsalar da za mu gani a mataki na biyar take samo asali.

Hattara: ɗan ƙaramin ƙamusun aljihu da ake sayarwa a tasha ma'ana ɗaya yake bayarwa ba misali. Ajiye kuɗinka.

Mataki na 3: Zaɓi kalmomin da za ka bi

Nan yawancin ɗalibai suke ɓata. Wani zai buɗe ƙamus daga harafin A yana hadda, bai kai B ba ya gaji. Wani kuma zai kwaso jerin kalmomi masu tsawo daga WhatsApp, waɗanda ko Baturen Ingila sai ya shekara bai ji su ba. Ba duk kalmomi ne darajarsu ɗaya ba, don haka bi su a wannan tsari.

Na farko, jerin Oxford 3000, wanda yake kyauta a shafin ƙamusun Oxford. Kada ka raina shi. Bi shi da sauri ka tsamo waɗanda suka kuɓuce maka, domin gini ba ya tsayuwa a kan rami.

Na biyu, kuma shi ne zuciyar aikin, jerin da ake kira Academic Word List, wanda Averil Coxhead ta fitar a 2000. Zuriyar kalmomi 570 ne da suke yawan fitowa a littattafan jami'a ko wane fanni ne, daga shari'a zuwa kimiyya, kuma su kaɗai suna ɗaukar kusan kashi 10 cikin 100 na irin wannan rubutu. An kasa su rukuni goma: tara na farko 60-60, na ƙarshe 30. Rukunin farko shi ne mafi yawan fitowa, a ciki za ka tarar da *analyse*, *assume*, *constitute*, *derive*, *evident*, *interpret* da *significant*. Kalmomi ne marasa ado, amma duk wanda ya taɓa zama a ajin farko na jami'a ya san su ne lakcara yake magana da su.

Na uku, ƙarin kalmomi 2,000 da ke cikin Oxford 5000, tare da duk abin da ka tsinta a karatunka da tambayoyin shekarun baya.

Nawa za ka ɗauka a rana? Ni takwas nake ba da shawara, kwana biyar a mako, sauran kwana biyun na bita ne zalla. Wato 40 a mako, kuma a haka za ka gama jerin 570 cikin mako goma sha biyar.

Hattara: zumuɗin makon farko zai ce maka ka ɗauki 30 a rana. Kowace kalma da ka ɗauka yau bashi ce da za ka biya da bita nan gaba, kuma bashin taruwa yake yi.

Mataki na 4: Karanta kullum, da fensir a hannu

Jerin kalmomi yana nuna maka wa za ka nema, karatu shi ke haɗa ku. Ware minti 20. A zagayen farko karanta ba tsayawa, kana ja wa baƙin kalmomi layi kawai. A zagaye na biyu yi hasashen ma'anar kowacce daga abin da ke kewaye da ita, sannan ka buɗe ƙamus ka gani ko ka dace. Wannan hasashe shi ne ainihin abin da za a nema daga gare ka a zauren jarrabawa, inda ba ƙamus.

Wata dabara da mu masu Hausa muke da ita: fara karanta labarin ranar a Aminiya ko BBC Hausa, sannan ka nemi labarin a Daily Trust ko BBC ta Turanci. Tunda ka riga ka san abin da ya faru, hankalinka zai koma kan yadda aka faɗe shi. Don kunne kuma, shirin 6 Minute English na BBC Learning English gajere ne, ba ya cin data sosai, kuma ana samun rubutaccen abin da aka faɗa.

Hattara: ba kowace baƙuwar kalma ce za ta shiga littafinka ba. In tana cikin jerin da muka ambata, ko ka ci karo da ita sau biyu a wurare daban-daban, ɗauke ta. In ba haka ba, duba ma'anarta ka wuce.

Mataki na 5: Rubuta kalmar da mutanenta

A nan zan daɗe, domin nan ne ake cin riba ko a yi asara. Yawancin littattafan ɗalibai layi biyu ne: kalma a hagu, ma'ana a dama. Wannan tsari shi ke haifar da ɗalibin da ya san ma'ana amma bai iya jimla ba. Kowace kalma ka ba ta abubuwa shida: ajinta, wato suna ce ko aikatau ko sifa ko bayanau, gaɓar da ake dannawa wajen furuci, ma'anarta a taƙaice, jimlar da ka tsince ta a ciki, kalmomin da take tafiya da su, sai 'yan gidansu.

Ɗauki *alleviate*. Aikatau ce, ana danna gaɓa ta biyu, ma'anarta rage raɗaɗin wani abu ba tare da an kawar da shi gaba ɗaya ba. Abokan tafiyarta *poverty*, *pain*, *suffering*. 'Yar gidansu *alleviation*. Sai ka rufe da jimlarka ta kanka, kan abin da ka sani: *The new borehole alleviated the water shortage in our ward.* Jimlar da ta shafi unguwarku ta fi ta ƙamus zama a ka.

Batun abokan tafiya shi ne inda Hausa take ja mana ƙafa. Mu muna shan magani, mu sha taba, mu sha wahala, duk da aikatau ɗaya. Turanci kuwa kowanne da nasa: *take medicine*, *smoke*, *suffer*. Ruwan sama mai ƙarfi *heavy rain* ne, ba *strong rain* ba. Yanke shawara *make a decision*, aikata laifi *commit a crime*. Ba wata ƙa'ida da za ta fitar maka da waɗannan, sai dai ka rubuta su tare ka riƙe su tare, tamkar kalma ɗaya.

Haka nan ƙananan kalmomin da ke biyo baya. Ana cewa *depend on*, *consist of*, *comply with*, *prefer* abu *to* wani. Akwai kuma waɗanda ba sa son rakiya sam, amma Turancinmu na Najeriya ya liƙa musu: *discuss about*, *emphasize on*, *comprise of*. Za ka ji su a bakin manya har a rediyo, sai dai mai makin takarda ba ruwansa da wanda ya faɗa. Daidai shi ne *discuss the matter*, *emphasize the point*, *comprise three parts*. Sannan ka sa alama a kan sunayen da ba sa karɓar jam'i: *information*, *equipment*, *advice*, *furniture*, *luggage*. Ƙamusun masu koyo yana sa musu harafin U a gefe.

Hattara ta farko: 'yan gida ɗaya ba lallai ma'anarsu ta zo ɗaya ba. *Scarce* ƙarancin abu ne, *scarcely* kuma "da ƙyar". *Economic* abin da ya shafi tattalin arziki, *economical* mai tsimi. Duba kowacce da kanta.

Hattara ta biyu: kada ka ɗauki furuci daga rubutu. Harafin *b* a *debt* da *subtle* shiru yake, haka *p* a *receipt*. Danna maɓallin sauti, ka maimaita da ƙarfi sau uku. Mu da *p* da *f* suke rikice mana, sai mu ƙara da gwada *pull* da *full*, *pan* da *fan*, a gaban madubi: na farko leɓɓa biyu ne suke haɗuwa, na biyu haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa.

Mataki na 6: Koyi saiwa da ɗafi

Wanda ya yi darasin Hausa ya san yadda karatu da makaranta da makaranci suka fito daga saiwa ɗaya. Manyan kalmomin Turanci ma haka suke, yawancinsu daga Latin da Girkanci. *Spect* duba ne: *inspect*, *spectator*, *retrospect*. *Port* ɗauka: *export*, *portable*, *transport*. *Chron* lokaci: *chronic*, *chronology*. Ɗafa-goshin *bene* alheri, *mal* sharri, don haka *benevolent* da *malicious* kishiyoyi ne tun daga goshinsu. Ɗafa-ƙeyar *cide* kisa: *pesticide*, *genocide*. Ɗafa-ƙeya kuma ita ke tona ajin kalma: *tion*, *ment* da *ness* suna, *ous*, *ive* da *able* sifa, *ify* aikatau. Saiwa uku a mako sun isa, ka ware musu shafukan ƙarshe na littafinka.

Hattara: saiwa jagora ce wajen hasashe, ba hukunci ba. *Invaluable* ba marar daraja ba ne, abu ne da darajarsa ta wuce misali. *Inflammable* kuma mai saurin kama wuta ne. Masu tsara tambayoyi suna ƙaunar waɗannan biyun.

Mataki na 7: Bita mai tazara

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san hadda ba ta zama sai da tishi. Gardi ba ya ƙara sabon karatu ya bar na baya ya zube. Abin da za mu ƙara kawai shi ne tsarin lokacin da za a koma wa kowace kalma. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ɗan Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, daga nan ta lafa. Saboda haka bitar farko ta zo da wuri, sannan tazarar ta riƙa faɗaɗa.

Yanka kwalin ƙanana-ƙanana yadda za su shiga aljihu. A gaba rubuta jimla ka bar gurbin kalmar, a baya kalmar da abokan tafiyarta. Sa wa ambulan ɗin lamba 1 zuwa 5. Wannan shi ne tsarin da Sebastian Leitner, shi ma Bajamushe, ya yaɗa a 1972. Ta 1 kullum ake buɗe ta, ta 2 duk bayan kwana uku, ta 3 mako-mako, ta 4 duk mako biyu, ta 5 wata-wata. Sabon kati a ta 1 yake farawa. In ka amsa daidai ya ƙara gaba. In ka faɗi, ko a ta 5 yake, ya dawo ta 1. Ɗaure na ranar da roba ka jefa a aljihu, ka duba su a cikin adaidaita sahu ko a layin banki.

Mai waya zai iya barin kwali ya sauke manhajar katunan bita ta Anki, ita za ta riƙa lissafa masa ranakun. A Android sunanta AnkiDroid kuma kyauta ce, haka a kwamfuta, amma a iPhone kusan dala 25 ake saye. Tana aiki ba data. Kwali dai yana da fifiko ɗaya: ba ya mutuwa in an ɗauke wuta, kuma saƙon kowa ba ya shigowa ta cikinsa.

Hattara: kada ka juya katin kafin ka faɗi amsa da bakinka. Wahalar lalubo kalmar a ƙwaƙwalwa ita ce aikin. Karanta littafi daga sama zuwa ƙasa yana sa ka ji kamar ka iya, alhali idonka ne kawai ya saba da shafin. Kuma kada ka sauke katunan da wani ya haɗa, haɗa naka rabin karatun ne.

Mataki na 8: Fitar da su

Kowace Asabar zaɓi goma daga kalmomin makon ka rubuta sakin layi biyu kan wani abu na zahiri: tsadar taki, ambaliya, yajin aikin malamai. Ba wa wanda ya fi ka ya duba, malami ko yaya, ka roƙe shi ya kula da kalmomin nan goma kawai. In kana da aboki mai irin burinka, ku yi musayar saƙon murya na minti ɗaya da Turanci. Za a yi maka dariya a majalisa, a ce ka zama Bature. Bar su, ba su za su zauna maka jarrabawar ba.

Hattara: guji ɗauko kalma daga jerin masu kama da juna ka dasa ta haka kawai. *Famous* da *notorious* duk shahara ce, amma ta biyu a mugun abu. Ka kira shugaban makarantarku da ita a wasiƙa, ka ga yadda za ta kaya.

Mataki na 9: Daidaita da jarrabawar da ke gabanka

A JAMB, Turanci ne ke da tambayoyi 60 cikin 180, sauran darussa uku 40-40, kuma awa biyu ce duka. Wato sauri ake so. A tambayoyin kalma mafi kusa da ma'ana da na kishiya, fara tabbatar da wanne aka tambaya, domin sau da yawa ana ajiye amsar ɗayan a cikin zaɓin don mai gaggawa. Duk tambayar shekarun baya da ka yi, kada ka tsaya a amsar daidai: duba sauran zaɓin ma a ƙamus, waɗanda ba ka sani ba su shiga ambulan ta 1.

A WAEC, sashen auna fahimta yana ba ka kalmomi daga cikin rubutun ya ce ka kawo wadda za ta maye gurbin kowacce. Dole amsarka ta zo a aji ɗaya da siga ɗaya: in an ba ka *alleviated*, to *eased* za ka rubuta, ba *ease* ba. Mayar da ita cikin jimlar ka karanta a zuci kafin ka rubuta, kuma ka ba da amsa ɗaya tak. A insha'i, inda ake son aƙalla kalmomi 450, kalmar da kake shakkar rubutunta ka bar ta, ka ɗauki wadda ka tabbatar.

A IELTS, yalwar kalmomi da dacewarsu ɗaya ce daga ma'aunai huɗu na sashen rubutu da na magana, wato rubu'in makin kowanne. Masu makin suna duba ko kalmar ta zauna a wurinta ne, don haka haddatattun jimloli masu ƙyalli ba sa ƙara komai, suna ma iya ragewa. Tara kalmominka bisa jigogin da suke yawan fitowa, irin su ilimi, muhalli, lafiya, fasaha da aikin yi, kowane jigo da shafukansa.

Idan ya rage mako biyu a shiga jarrabawa, dakatar da ɗaukar sababbin kalmomi. Zazzage ambulan ta 3 da ta 4 da ta 5 ka bi su gaba ɗaya, waɗanda suka faɗi su koma ta 1, ka riƙa bin su safe da yamma. Sauran lokacin ka ba wa tambayoyin shekarun baya, da agogo a gabanka.